André Citroën: maraya ɗan mai lu'ulu'u da motocinsa suka ratsa Tasawa da Damagaram a 1924

Yau a filin tarihin mutane za mu leƙa ƙasar Faransa.

A watan Yuli na 2019, wani ƙaramin gari mai suna La Ferté-Vidame, yamma da birnin Faris, ya cika ya batse har kwana uku. Dubban tsofaffin motoci ne aka jera cikin fili, wasu sun haura shekara 90 amma suna tashi da ƙafarsu. Masu su sun zo daga ƙasashe da dama, tsoho da jikansa, kowa da tsumman goge mota a hannu, ana buɗe gaban mota ana gardamar wace ce ta fi riƙe kayanta na asali. Abin da ya tara su shi ne cikar shekara 100 da fitowar motar Citroën ta farko. Ba a banza aka zaɓi wurin ba: nan ne kamfanin yake gwajin motocinsa a ɓoye tun ƙarshen shekarun 1930.

To, wane ne mutumin da sunansa ke gaban duk waɗannan motoci? Kuma me ya haɗa shi da ƙasarmu? Ku gyara zama.

Asali da maraici

An haifi André Citroën a Faris ranar 5 ga Fabrairu 1878, shi ne auta cikin ƴaƴa biyar. Iyayensa Yahudawa ne kuma baƙi a Faransa. Uban, Levie, ɗan Holand ne daga birnin Amsterdam, sana'arsa cinikin lu'ulu'u. Uwar kuwa ƴar birnin Warso ce ta ƙasar Polan. Sunan gidan ma daga sana'a ya samo asali, don wani kakansu lemun tsami yake sayarwa a Holand, kuma a harshen can kalmar tana nufin lemun tsami. Kamar dai yadda a wajenmu ake cewa gidan mai goro ko gidan mai gishiri, har sunan ya bi jikoki.

Yana ɗan shekara 6, a 1884, masifa ta faɗa wa gidan. Uban ya zuba dukiyarsa cikin wata harkar haƙar lu'ulu'u a Afirka ta Kudu, harkar ta rushe, baƙin ciki ya kai shi ga kashe kansa. Uwar ce ta riƙe yaran. André ya yi karatu da kyau har ya samu shiga Polytechnique a 1898, babbar makarantar injiniyoyi ta Faransa wadda ba kowa ke ƙetare jarrabawarta ba. Kafin ya gama, a 1899, uwar ita ma ta rasu. Ya fito a 1900 yana da shekara 22, ba uwa ba uba.

Haƙoran da suka zama tambari

A wannan shekara ta 1900 ya tafi Polan ziyarar dangin uwarsa. Can ne ya ga wani abu da mutane da yawa sun gani sun wuce: ƙafafun inji masu haƙora, irin waɗanda ɗaya ke juya ɗaya, amma haƙoransu ba a miƙe suke ba, an yanka su da siffar baƙin V. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin niƙa ya san ƙarar da haƙoran ƙarfe ke yi in suna cizon juna. Masu siffar V kuwa a hankali suke shiga juna, ƙararsu kaɗan, kuma suna ɗaukar nauyi mai yawa ba tare da sun ture juna gefe ba. Matsalar ita ce yanka su a jikin ƙarfe yana da wuya ƙwarai.

Saurayin ya sayi haƙƙin wannan fasaha, ya koma Faris ya buɗe masana'antar da ke yanka su da ƙarfe. Ciniki ya karɓu. In kun duba gaban kowace motar Citroën har gobe, za ku ga V biyu a kife, ɗaya bisa ɗaya. Haƙoran nan ne na Polan.

A 1908 aka kira shi ya ceto wani kamfanin motoci mai suna Mors da ke neman durƙushewa. Ya gyara tsarin aiki, motocin da ake fitarwa a shekara suka tashi daga wajen 125 zuwa 1200. Ya kuma je Amurka ya ga yadda Henry Ford ke aiki a Detroit, inda kowane ma'aikaci ke da abu guda da yake yi, aiki na zuwa gabansa yana wucewa. Wannan abin da ya gani bai sake fita daga kansa ba.

Yaƙi

A 1914 ya auri Georgina Bingen. A shekarar kuma yaƙin duniya na farko ya ɓarke, aka kira shi soja a rundunar masu igwa. Cikin watannin farko aka kashe wansa Bernard a fagen daga. André ya ga da idonsa cewa sojan Faransa na ƙarancin harsashin igwa, sai ya kai wa hukumar soja shawara: a ba shi dama ya gina masana'anta da za ta riƙa fitar da dubbai kowace rana. Aka yarda. A 1915 ya gina ta a unguwar Javel, bakin kogin Seine. Kafin yaƙi ya ƙare ta fitar da harsasai fiye da miliyan 20.

Maza suna fagen daga, don haka yawancin ma'aikatan mata ne. Ya yi musu wurin cin abinci, da ɗakin shan magani, da wurin ajiye jarirai inda uwa za ta je ta ba da nono ta komo bakin aiki. A wancan zamani wannan baƙon abu ne. Sai dai kada mu manta abin da ake ƙerawa a wurin: kayan kisa ne, kuma daga nan ne ƙarfin arzikinsa ya taso.

Mota ga mai matsakaicin hali

Da aka ajiye makamai a 1918, ga masana'anta, ga ma'aikata, amma ba mai sayen harsashi. Tun kafin nan ya riga ya shirya. A 1919 ya fito da motar da aka kira Type A, wadda ake lissafawa a matsayin mota ta farko a Turai da aka ƙera da yawa bisa tsarin layi irin na Ford.

Don ku gane abin da ya canja: kafin lokacin, mai sayen mota a Turai yawanci inji da ƙashin mota kawai yake saye, sannan ya kai wa wani maƙeri ya gina masa jiki, ya nemi fitila daban. Citroën ya ce a'a. Tasa tana fitowa cikakkiya, da fitilun lantarki, da abin tayar da inji ba sai an juya ƙarfe da hannu ba, da tayar ajiya. Ka biya, ka hau, ka tafi. A 1922 ya ƙara da wata ƴar ƙarama mai launin ruwan ɗorawa, mai sauƙin tuƙi, wadda ya tallata wa mata musamman.

Ya gane abin da kowane direban ƙauye ya sani, cewa mota ba ta da amfani in ba kayan gyara. Saboda haka ya baza wakilai da gareji a faɗin ƙasa, ya buga littafin kayan gyara da farashin kowane aiki, ya buɗe hanyar sayen mota bashi a biya kaɗan-kaɗan. Ya kafa allunan nuna hanya a titunan Faransa, kowane allo da tambarinsa. Ya ƙera ƙananan motocin wasa na yara masu kama da na gaske, don yaro ya tashi da sunan a bakinsa.

Wajen talla kam ba a taɓa ganin irinsa ba. A 1922 jirgin sama ya rubuta sunansa da hayaƙi a samaniyar Faris. Daga 1925 zuwa 1934 ya yi hayar hasumiyar Eiffel, ya rubuta sunansa daga sama har ƙasa da ƙwan lantarki wajen 250,000. Da Charles Lindbergh ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai a jirgi a 1927, Citroën bai ɓata lokaci ba, ya gayyato shi masana'antar Javel gaban dubban ma'aikata da ƴan jarida.

Ranar da suka biyo ta ƙasarmu

Ga inda labarin ya taɓo mu. Citroën yana son ya nuna wa duniya cewa motarsa za ta bi inda raƙumi kaɗai ke bi. Ya samu wani injiniya, Adolphe Kégresse, wanda ya ƙirƙiro mota mai taya a gaba, a baya kuma wata sarƙar roba mai faɗi kamar ta katafila, wadda ba ta nutsewa cikin rairayi. Ranar 17 ga Disamba 1922 motoci biyar irin waɗannan suka tashi daga Touggourt ta Aljeriya, suka isa Tumbutu ranar 7 ga Janairu 1923. Wannan ne karo na farko da mota ta ratsa Sahara daga arewa zuwa kudu. Jagororin tafiyar su ne Georges-Marie Haardt, na hannun daman Citroën, da wani tsohon hafsan soja, Louis Audouin-Dubreuil.

Sai aka shirya babbar tafiya, wadda Faransawa suka sa wa suna Croisière Noire. Motoci takwas suka bar Colomb-Béchar ranar 28 ga Oktoba 1924. Suka ratsa hamada suka faɗo kogin Kwara a Bourem, suka biyo gaɓa har Yamai cikin watan Nuwamba. Daga nan suka yi gabas, ta ƙasar Hausa: Maraɗi, Tasawa, sannan Damagaram, wadda a lokacin ita ce babban birnin mulkin mallaka na Nijar, don sai a 1926 aka mai da shi Yamai. Daga Damagaram suka nufi N'Guigmi da tafkin Cadi, suka wuce Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, suka shiga dazuzzukan Kwango. Ƙarshen tafiyar shi ne tsibirin Madagaska, a watan Yuni na 1925, bayan kilomita wajen 20,000.

Cikin ayarin akwai mai ɗaukar sinima, Léon Poirier, da wani mai zane ɗan Rasha, Alexandre Iacovleff. A Tasawa sun sauka fadar Sarki Barmu, suka ɗauki hotunan fada da na bukukuwa. Mai zanen ya zana fuskokin sarakuna da mahaya dawaki na Maraɗi da Damagaram, da rawunansu da kayan dokinsu. Waɗannan zane-zane suna nan har yanzu a Turai, kuma in aka fito da ɗaya kasuwa kuɗi masu nauyi ake zubawa. Ƴan uwa da ke zaune Faransa ko Beljiyam, in kun ci karo da littafin hotunan wannan tafiya, ku duba da kyau, mai yiwuwa kakan wani ne daga cikinmu ke kallonku.

Amma fa a faɗi gaskiya. Tafiyar ba yawon buɗe ido ba ce kawai. Hukumomin Faransa sun goyi bayanta domin suna neman hanyar da za ta haɗa ƙasashen da suka mallaka, sojansu da kayansu su riƙa wucewa da sauri. Ayarin ya harbe namun daji da yawa, ya kwashi kayan gargajiya ya tafi da su. Sinimar da aka nuna a Faris a 1926 ta nuna mutanen Afirka yadda Bature mai mulki yake son ganinsu. Kuma a wurare da dama mutanen ƙasa ne aka sa suka share hanyar da motocin suka bi, suka ɗauko man da aka ajiye musu a zango-zango, amma ba sunansu a allon yabo. Shi kansa Citroën bai zo ba, yana Faris yana karɓar labari ta waya yana raba wa jaridu.

Ya ma so ya buɗe layin ɗaukar masu yawon shaƙatawa daga Aljeriya zuwa Tumbutu, har an gina masaukai a hanya. A farkon Janairu 1925, ana gab da buɗewa, aka soke shirin saboda fargabar rashin tsaro. Kuɗin da aka zuba suka bi rairayi. Daga baya ya sake tura wani ayari daga Bairut zuwa birnin Pekin na ƙasar Sin a 1931 da 1932. An isa, amma Haardt ya kamu da ciwo ya rasu a Hong Kong a watan Maris 1932. Wannan rashi ya girgiza Citroën, don Haardt na cikin ƴan kaɗan da ke iya taka masa birki.

Gudu da kuɗin aro

A 1929 kamfanin ya fitar da mota fiye da 100,000 cikin shekara guda, ya zama na ɗaya a Faransa, gaban babban abokin hamayyarsa Louis Renault. Mutanen biyu sun bambanta kamar dare da rana. Renault makaniki ne mai riƙe aljihu, da kuɗinsa yake gini. Citroën kuwa ba mai shiga ƙarƙashin mota ba ne, gwaninsa tsara aiki da tara gwanaye da sayarwa, kuma da kuɗin aro yake gudu. Ga shi da son caca, an san shi a gidajen caca na Deauville inda yake zuba manyan kuɗi a dare ɗaya. Bankin Lazard ya shigo harkar a ƙarshen shekarun 1920 don ya daidaita lissafi, ba su jima ba suka raba gari, saboda mai gidan ba ya son a ce masa ya rage.

Sai karayar tattalin arzikin duniya da ta faro daga Amurka a 1929 ta iso Faransa. Masu saye suka ja baya. A nan ne mai hankali zai ce a lallaɓa. Shi kuwa a 1933 ya rushe babban sashe na masana'antar Javel ya sake gina ta sabuwa cikin ƴan watanni, ya yi walimar dubban mutane ranar buɗewa. A shekarar nan dai ya nemi rage albashi, ma'aikata suka shiga yajin aiki na makonni.

Duk begensa ya ɗora shi kan mota guda. Ya ɗauko wani injiniya matashi, André Lefèbvre, da wani mai sassaƙa ɗan Italiya, Flaminio Bertoni, ya ba su wata 18 kacal su fito da abin da ba a saba gani ba. Motocin zamanin, tayoyin baya ne ke tura su, kuma jikin yana zaune bisa wani ƙashin ƙarfe mai nauyi. Wannan sabuwar, tayoyin gaba ne ke jan ta, shi ya sa aka kira ta Traction Avant, kuma jikinta da ƙashinta abu ɗaya ne a haɗe. Ta fito gajera, tana manne da ƙasa, ba ta tangaɗi a kwana. In kun lura, yawancin ƙananan motocin da ke yawo a titunanmu yau haka aka gina su.

An nuna ta a watan Afrilu 1934. Kowa ya yaba, amma gaggawa ta yi aikinta. Motocin farko sun riƙa komowa gareji, wata giya ta fashe, wata sandar da ke juya tayar gaba ta karye. Gyara kuwa kuɗi ne, kuɗin da babu. Masu bin bashi suka taso. Wani ƙaramin mai kawo wa kamfanin kaya ya kai ƙara kotu, kuma a watan Disamba 1934 kotu ta sa kamfanin a hannun masu warware bashi. Wanda ya fi kowa bin kuɗi shi ne Michelin mai ƙera taya, shi ya karɓe ragamar a farkon 1935. Aka sallami dubban ma'aikata, aka rage kashe kuɗi, aka kashe fitilun hasumiya. Mutumin da ya gina gidan ya zama ba shi da ta cewa a cikinsa.

A lokacin ciwo ya riga ya ci jikinsa. Ciwon daji na ciki ne. Ya rasu a Faris ranar 3 ga Yuli 1935 yana da shekara 57, aka binne shi a maƙabartar Montparnasse.

Abin da ya biyo baya

Motar da ta kayar da shi ita ce ta tayar da kamfanin. Da aka gyara kurakuranta, Traction Avant ta yi shekara 23 ana ƙera ta, har 1957, an fitar da wajen 760,000. A yaƙin duniya na biyu ƴan gwagwarmayar Faransa sun hau ta, ƴan sandan asirin Jamus ma sun hau ta, ƴan fashi kuma sun so ta saboda gudunta. Lefèbvre da Bertoni, mutanen da shi ya ɗauko, su ne suka sake fito da 2CV a 1948, motar talaka da manomi, da kuma DS a 1955. A 1976 kamfanin ya shiga hannun Peugeot, mai 404 da 504 da tsofaffin direbobinmu ba su gajiya da yabo. Bakin kogin da masana'antar take yanzu sunansa yake ɗauke da shi, filin kuma an mai da shi lambun shaƙatawa mai sunansa tun 1992.

Akwai abin dubawa a nan ga duk mai sana'a, ko mai tebur a kasuwa ko mai motar haya. Hangen nesan Citroën daidai ne, tunda abin da ya ce za a yi shi duniya ke yi yau. Abin da ya rasa shi ne ƴan watanni da ɗan abin ajiya da zai riƙe shi har motar ta nuna kanta. Ya ci bashi ya gina, ya ƙara cin bashi ya ƙawata, ranar da kasuwa ta juya bai da inda zai dafa. Masu taruwa yau suna goge Traction ta 1934, wadda suka fi daraja saboda ƙarancinta, suna riƙe ne da ainihin motocin da suka ci mai su.

Jama'a, musamman mutanen Tasawa, Maraɗi da Damagaram, muna da roƙo. In akwai dattijo a gidanku da ya taɓa jin iyayensa ko kakanninsa na ba da labarin motocin nan masu sarƙa da suka wuce a 1924, ko wanda aka sa aikin share musu hanya, ku zauna da shi ku ɗauki muryarsa a waya ku aiko mana gidan rediyo. Turawa sun rubuta nasu ɓangaren tun shekara 100 da suka wuce, namu ne ba a tattara ba. Za mu sa abin da kuka aiko a shiri na gaba in Allah ya kai mu.